Kabewa mai haƙora: daga ina Halowin ya fito?

A ƙarshen watan Oktoban bara, makonni kaɗan da komawa lakwal, ina zagayawa cikin aji ina duba aikin lissafi, sai na tarar wani yaro ya zana kabewa a bangon littafinsa. Ba irin ta miyar taushe ba. Wannan tana da idanu masu kusurwa uku, da baki wangame, da haƙora kamar na zarto. Na tambaye shi mene ne wannan, ya ce, "Mushe, Halowin ne, a wayar yayana na gani." Kafin in buɗe baki wata yarinya daga layin baya ta ce ai babanta ya ce sallar shaiɗan ce, kuma a daren ne Turawa ke yanka yara. Aji ya kaure, wasu na dariya, wasu sun zaro ido suna jiran in raba gardama. Ni kuwa na ce kowa ya koma kan lissafi, wanda duk malami ya san abin da hakan ke nufi.

Bayan kwana biyu mahaifin yaron ya tare ni a bakin ƙofar makaranta. Ya riga ya yage bangon littafin, ya kuma yi wa yaron dukan da har washegari bai iya zama sosai a kan benci ba. Ya kunna mini wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, inda wani ke rantsuwa cewa Halowin sunan gunkin mutuwa ne, kuma duk yaron da ya zana alamarsa ya shiga ƙungiyar asiri. Ya ce, "Malam, ku ne masu boko. Gaskiya ne?" A makarantar horon malamai an karantar da mu daular Songhai da Kanem-Borno da juyin juya halin Faransa na 1789, amma babu wanda ya taɓa ce mana wata rana za a doki yaro saboda zanen kabewa. Shi ya sa na ɗauki hutun Disamba ina karatu a kan wannan biki. Maganar halacci da haramci akwai malamanta, ba ni ba. Ni abin da na neme shi ne inda abin ya fito, da yadda ya zama abin da yaranmu ke gani a waya.

Sunan kansa ba na gunki ba ne. A tsohon Ingilishi, kalmar "hallow" na nufin waliyyi ko tsarkakakke, "even" kuma maraice ko jajibere. Ranar 1 ga Nuwamba ita ce ranar dukan waliyyai a wajen Kiristocin Katolika, daren 31 ga Oktoba kuwa jajiberenta. Mutanen Sikotilan ne suka gutsure dogon sunan a bakinsu har ya koma Halowin. Ke nan sunan na coci ne. Amma ranar ta girmi sunan.

A tsibirin Irlanda da tsaunukan Sikotilan, tun kafin Kiristanci ya isa can a ƙarni na 5, akwai wani biki da ake rubuta sunansa Samhain amma a furta shi "Sawin". Mutanen nan makiyaya ne kuma manoma, sun raba shekararsu da bukukuwa huɗu, a farkon Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba. Na Mayu shi ne lokacin da ake kora shanu zuwa makiyayar tuddai, na Nuwamba kuma lokacin dawo da su gida. Duk wanda ya ga yadda garke ke gangarowa daga arewa bayan damina, lokacin da aka kwashe gero aka buɗe gonaki, ya san irin wannan lokaci. Bambancin shi ne, abin da ke gabansu ba ɗarin Janairu irin namu ba ne. Hunturu ne mai duhu, rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, ciyawa ta daina tsiro. Dole mai gida ya ƙirga ciyawar da ya tara, ya ware dabbobin da zai iya ciyarwa, sauran a yanka a adana naman. Saboda haka Sawin lokacin nama ne da giya da taron sarakuna da biyan bashi da yanke shari'a. Kuma da yake suna fara lissafin rana daga faɗuwar rana, kamar yadda mu ma daren Juma'a ke riga yinin Juma'a, bikin 1 ga Nuwamba a daren 31 ga Oktoba yake somawa.

Tsoron kuma fa? Yana nan tun asali, amma ba tsoron matattu ba ne kamar yadda ake yawan faɗa. Tsofaffin labarun Irlanda sun ce a daren Sawin ƙofofin wasu tuddai na buɗewa, mazaunansu su fito su cuɗanya da ƴan Adam. Waɗannan halittu sun fi kama da abin da muke kira mutanen ɓoye, kuma abin ya ba ni dariya da na ga su ma Irlandawa ba su son kiran sunansu kai tsaye, sai su ce "mutanen kirki". Akwai labarin wani mai suna Aillen da ke fitowa kowane Sawin, ya kaɗa garayarsa har kowa ya yi barci, sannan ya fesa wuta daga bakinsa ya ƙone fadar Tara. Shekara da shekaru yana haka, sai da wani saurayi, Fionn, ya dafa tsinin mashi a goshinsa don kada barci ya ɗauke shi, ya kashe shi. Akwai kuma wani kogo a yankin Roscommon, har yau masu yawon buɗe ido na zuwa, wanda aka ce ta nan dodanni ke fitowa a wannan dare.

A nan ne ya kamata malami ya yi taka-tsantsan. Mutanen da suka yi Sawin na asali ba su bar rubutu a kansa ba. Waɗanda suka rubuta labarun nan ƴan zuhudun Kirista ne, ɗaruruwan shekaru bayan ƙasar ta bar addinin gargajiya. Kamar a ce yau ka zauna ka rubuta yadda ake tsafi a Dutsen Dala kafin zuwan Wangarawa, ba tare da wani shaida ba sai abin da kaka ta ji daga kakarta. Maganar yanka yara tana da tushe ɗaya da na samu: wani rubutu na wajen ƙarni na 12 ya ce ana miƙa ƴaƴan fari ga wani gunki mai suna Crom Cruach a lokacin Sawin, har sai da Waliyyi Patrick ya zo ya farfasa shi. Amma marubucin na son nuna girman Patrick ne da munin zamanin da ya gabace shi, kuma tsakaninsa da abin da yake ba da labari akwai shekaru ɗari bakwai. Haka ma shahararren labarin nan cewa ana kashe dukan wutar ƙasar a sake kunnowa daga tudun Tlachtga, wani limamin coci ne, Geoffrey Keating, ya rubuta shi wajen 1634. Gunkin mutuwa mai suna Samhain kuwa, wanda mai saƙon WhatsApp ya rantse a kansa, babu shi ko kaɗan a tsofaffin littattafai. Wani injiniyan sojan Ingila, Charles Vallancey, mai sha'awar tarihi amma maras ƙwarewa a harshen, shi ya ƙago shi a ƙarni na 18, littattafai suka riƙa kwafa daga juna. Samhain sunan lokaci ne, har yau shi ne sunan watan Nuwamba a harshen Irlanda.

To, ta ina matattu suka shigo? Ta coci. A 609 ko 610 Paparoma Boniface na IV ya mayar da tsohon ɗakin gumakan Rum, Pantheon, coci, ya keɓe shi ga Maryamu da shahidai, ranar kuwa 13 ga Mayu ce. Paparoma Gregory na III, wanda ya yi mulki daga 731 zuwa 741, ya gina ɗakin ibada na dukan waliyyai cikin cocin Waliyyi Bitrus. A 835 kuma Sarki Louis, ɗan Charlemagne, ya tabbatar da 1 ga Nuwamba a matsayin ranar waliyyai a duk daularsa. Abin da aka fi ji shi ne wai coci ta zaɓi ranar da gangan don ta danne Sawin. Ni ma da farko na yarda, don maganar ta zauna daidai. Sai dai wani masanin tarihi ɗan Ingila, Ronald Hutton, a littafinsa na 1996, ya nuna cewa ranar ta fara ƙarfi ne a Ingila da ƙasashen Jamusawa, inda ba a san Sawin ba, alhali wata tsohuwar kalandar cocin Irlanda ta wajen shekara ta 800 ta sa bikin waliyyan Turai a 20 ga Afrilu. Masana na gardama har yanzu, amma hujjar Hutton ta fi gamsar da ni. Ba sai wani ya kwaikwayi wani ba kafin mutanen ƙasashen sanyi su tuna da mutuwa a lokacin da ganye ke zuba, dare na tsawo.

Wajen shekara ta 1000, shugaban gidan zuhudu na Cluny a Faransa, Odilo, ya ƙara rana ta biyu, 2 ga Nuwamba, don yi wa dukan mamata addu'a. Katolika sun yi imani akwai wani matsayi bayan mutuwa inda ake tsarkake ran mai zunubi da azaba kafin ya shiga aljanna, kuma addu'a da sadakar masu rai na rage masa wa'adi. Daga wannan imani al'adu da yawa suka tsiro. Ana kwana ana kaɗa ƙararrawar coci saboda mamata. Ana kunna kyandir a maƙabarta. A Ingila talakawa da yara kan bi gida-gida, a ba su wata ƴar waina, su kuma su yi alkawarin yi wa mamatan gidan addu'a. Sadaka ce a karɓa, addu'a a mayar, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa miƙa wa almajiri tuwo ya ce a saka iyayensa a addu'a. Wannan bin gida-gida yana ɗaya daga cikin kakannin abin da yaran Amurka ke yi yau da jakar alewa.

Ranar 31 ga Oktoba 1517, wato jajiberen ranar waliyyai, ita ce ranar da Martin Luther ya fitar da hujjojinsa 95 a Wittenberg ta Jamus, kuma abin da ya harzuƙa shi shi ne yadda ake sayar wa mutane takardun rage wa mamatansu azaba. Ɗariƙar Furotesta da ta biyo baya ta ce babu wannan matsayi na tsarkakewa sam, saboda haka babu amfanin yi wa mamaci addu'a. A tsakiyar ƙarni na 16 hukuma a Ingila ta hana ƙararrawar dare da sauran ibadun. Ina yawan tunanin tsohuwar da ta saba kunna wa mijinta kyandir kowace shekara, rana ɗaya aka ce mata an daina. Ibadar ta tafi, amma jin cewa a wannan dare mamata na kusa bai tafi ba. Mamacin da a da ake tausayinsa ana masa addu'a, sai ya koma fatalwa da ake tsoro. A Ingila ma wani biki ne ya zo ya kwashe wutar da hayaniyar: ranar 5 ga Nuwamba 1605 aka kama Guy Fawkes da gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki, tun daga nan Ingilawa suka mayar da kunna babbar wutarsu zuwa wannan rana.

Irlanda da Sikotilan ne suka riƙe daren 31, kuma abin da suka mayar da shi ya ba ni mamaki, don ya fi kama da daren ƴan mata da samari fiye da daren dodanni. Babban abin da ke ransu shi ne, wa zan aura? Mawaƙin Sikotilan Robert Burns ya rubuta doguwar waƙa a 1785 da ta lissafa wasannin ƙauye na wannan dare. A rufe wa budurwa ido a kai ta lambu ta tuge kabeji, wanda muke ce wa shu: in tushen miƙaƙƙe ne, mijinta dogo ne; in ya karkace, to sai haƙuri; in ƙasa ta maƙale a saiwar da yawa, mai dukiya ne. A jefa ƙwaya biyu masu ɓawo cikin wuta, ɗaya da sunan saurayi ɗaya da sunan budurwa, in sun ci wuta tare lafiya lau za a zauna, in ɗaya ta fashe ta yi tsalle, ba aure. Budurwa ta ci tuffa a gaban madubi ita kaɗai, wai za ta hango fuskar mijinta ta bayan kafaɗarta. A Irlanda ana gasa burodi da zobe a ciki, wanda ya ci karo da zoben shi zai riga kowa aure, wanda ya samu tsumma kuwa talauci na jiransa. Har yau ana sayar da wannan burodi a can, da zobensa. Yara kuma su cika baho da ruwa, a zuba tuffa, kowa ya yi ƙoƙarin kamawa da haƙori hannuwansa a baya.

A Sikotilan yara kan shafa gawayi a fuska, su sa tsofaffin tufafi, su bi gida-gida. Amma ba a ba su komai sai sun yi waƙa ko barkwanci. Da na karanta wannan na ajiye littafin na yi dariya, don na tuna kaina ina ɗan shekara tara, da gemun auduga da tsumma a ciki, ina dogara sanda a daren goma ga azumi. Babu wata alaƙar tarihi tsakanin tashe da abin ƴan Sikotilan, kada wani ya fita ya ce Mushe ya ce. Amma sigar ɗaya ce: yara, dare, ɓad da kama, wasa a ƙofar gida, a ba su ɗan abin da ya samu. Ana cewa asalin ɓad da kamar don kada iskoki su gane mutum ne. Mai yiwuwa. Sai dai bayanan da ake da su a rubuce na ƙarnonin baya-bayan nan ne, kuma wanda ya san yara ya san akwai wani dalilin: wanda bai gane fuskarka ba, ba zai kai ƙararka wajen babanka ba.

Yanzu ga kabewar da ta jawo duka. Irlandawa na da wani gwarzon tatsuniya mai suna Jack, marowaci, mashayi, mai wayo irin na Gizo. Ya yaudari Iblis ya rikiɗa ya zama tsabar kuɗi don su biya giya, sai ya jefa shi aljihu kusa da gicciye, ya kasa komawa siffarsa. Wani karon ya sa shi ya hau itacen tuffa, ya zana gicciye a gindin, bai bar shi ya sauko ba sai da ya yi alkawarin ba zai karɓi ransa ba. Da Jack ya mutu, aljanna ta ƙi shi saboda halinsa, wuta ta ƙi shi saboda alkawari. Iblis ya jefo masa garwashi ɗaya, ya rarake wata saiwa ya sa a ciki, yana ta gararamba a duhu har yau. Saiwar ita ce tanip, abu dunƙulalle mai tauri, girman ƙaramar ƙwarya, da suke ci su kuma ba dabbobi. A ƙarni na 19 samari kan rarake ta, su yanka mata ido da baki, su sa kyandir su tsorata masu wucewa. Akwai samfurin irin wannan fitila daga yankin Donegal a gidan tarihin ƙasar Irlanda, kuma wallahi ta fi kabewar Amurka muni nesa ba kusa ba. Ku lura, a tatsuniyar Iblis ne aka yi wa wayo, ba shi ake bauta wa ba.

Yunwa ce ta ƙetarar da bikin teku. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta ruɓar da dankalin turawa a Irlanda, wanda shi ne abincin talaka kamar yadda gero yake a wajenmu. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, sama da miliyan ɗaya suka yi hijira, akasarinsu zuwa Amurka da Kanada. Turawan da suka fara kafa yankin arewa maso gabashin Amurka masu tsananin ra'ayin Furotesta ne, ko Kirsimeti ba su yarda da shi ba balle Halowin. Baƙin Irlanda da Sikotilan ne suka zo da shi. A can suka tarar da kabewa, wadda asalinta ma shukar nahiyar Amurka ce, ga girma ga taushi, tana nuna daidai lokacin. Wa zai tsaya fama da tanip?

Abin da ya fi bunƙasa a sabuwar ƙasar ba duban miji ba ne, ɓarna ce. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, manomi kan wayi gari 1 ga Nuwamba ya tarar an cire ƙyauren gidansa an rataye a bishiya, an kifar da ɗakin masai na katako, wani lokaci da mutum a ciki, ko an kwance amalanke an sake haɗa ta a kan rufin rumbu. Da abin ya shiga birane sai ya zama fasa gilashi da kifar da motoci da cinna wuta, musamman a shekarun talaucin 1930. Wasu garuruwa suka yi shawarar hana bikin ɗungurungum. Wasu kuma suka yi dabara, kuma a matsayina na malami wannan ne sashen tarihin da ya fi burge ni. A garin Anoka na jihar Minnesota, bayan mutane sun gaji da tarar da shanunsu na yawo a titi, a 1920 suka shirya wa yara jerin gwano da rabon alewa da babbar wuta, don a shagaltar da su. Makarantu da coci-coci da ƙungiyoyin iyaye a wasu wurare suka bi sahu. Kalmar da yara ke faɗa a bakin ƙofa, wadda ma'anarta ita ce "ko kyauta ko ɓarna", ta bayyana a jaridun Kanada tun kafin 1930. A taƙaice cin hanci ne aka ba yara, kuma ya yi aiki. Ƙarancin sukari na yaƙin duniya, daga 1942 zuwa 1947, ya dakatar da abin na ɗan lokaci. Bayan nan sababbin unguwanni suka cika da yara, kamfanin Disney ya fitar da fim ɗin zane a kan al'adar a 1952, kamfanonin alewa suka gano kasuwa. A 1950 wasu yara a Philadelphia suka tara dala 17 wa UNICEF maimakon alewa, abin ya zama al'adar da ta daɗe tana tara kuɗin rigakafi da madara ga yaran ƙasashe matalauta.

Jini da wuƙa da yaranmu ke gani a bidiyo su ne mafi ƙuruciya a duk tarihin. Fim ɗin John Carpenter mai suna Halloween ya fito a 1978, an yi shi da kuɗi kaɗan ya kawo riba mai yawa, masu kwaikwayo suka yi ca. A daidai wannan zamani tsoro biyu suka kama Amurka. Na farko, wai baƙi na sa guba da reza cikin alewar yara. Wani masanin zamantakewa, Joel Best, ya bi rahotannin jaridu tun daga 1958, bai samu yaro ko ɗaya da alewar baƙo ta kashe ba. Shari'ar da kowa ke ambata ta 1974 ce a Texas, inda yaro ɗan shekara takwas ya mutu da guba, kuma mahaifinsa ne, Ronald O'Bryan, ya ba shi don ya ci kuɗin inshora. An zartar masa da hukuncin kisa a 1984. Abin da ke kashe yara da gaske a wannan dare mota ce, suna tsallaka titi cikin duhu da baƙaƙen kaya. Tsoro na biyu shi ne na ƙungiyoyin shaiɗan masu yanka yara. Gaskiya ne akwai wata ƴar ƙungiya da aka kafa a 1966 mai kiran kanta cocin shaiɗan, ta kuma ɗauki Halowin cikin ranakunta, kamar yadda masu farfaɗo da addinin gargajiyar Turai ke raya Sawin. Amma su suka jingina da bikin, ba su suka haife shi ba. Wasu masu wa'azin Kirista na Amurka suka cika ƙasar da ƙananan littattafai a shekarun 1980, suka tono gunkin Vallancey suka haɗa da labarin yanka. Wani jami'in FBI, Kenneth Lanning, ya shafe shekaru yana bincike, a rahotonsa na 1992 ya ce bai samu shaidar irin waɗannan kashe-kashe ba. Da na sake sauraron saƙon da mahaifin yaron ya kunna mini, sai na ji kusan jimla-jimla maganar waɗancan littattafai ce, an juye ta Hausa an ɗora mata sallama.

Idan ana neman abin zargi a Halowin na yau, ni a wajena yana cikin aljihu. Ƙungiyar ƴan kasuwar Amurka na ƙiyasta cewa a shekarun nan ana kashe sama da dala miliyar 10 kowace shekara a kan alewa da kayan ɓad da kama da ƙawata gida, har da kayan karnuka. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta faranka biyar ba. Wannan ya fi kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara guda. Kasuwa ce ta kai shi Faransa, inda 1 ga Nuwamba ranar hutu ce da iyalai ke kai furanni maƙabarta cikin natsuwa. A 1997 kamfanin France Télécom ya baza dubban kabewa a dandalin Trocadéro na Paris don tallar wata wayar salula, shaguna suka ɗauka, bayan ƴan shekaru zafin abin ya ragu. Kasuwa da intanet ne kuma suka kai shi Japan da Koriya ta Kudu, inda ya zama daren matasa a titi, ba waliyyi ba Sawin. A Seoul, ranar 29 ga Oktoba 2022, cunkoso a wani siririn lungu na unguwar Itaewon ya hallaka mutum 159, akasarinsu ƴan shekara ashirin da wani abu. Ta wannan hanyar dai ya iso wayar yayan ɗalibina.

Da aka dawo hutu na nemi mahaifin yaron, muka zauna a kan dakalin ƙofar gidansa bayan la'asar, na ba shi labarin kamar yadda na ba ku, a gajarce. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi dai ba ya son ɗansa ya kwaikwayi abin da ba nasu ba, na ce wannan haƙƙinsa ne, ni ma ba a yi a gidana. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da sabon littafin rubutu mai shafi ɗari biyu.

Su kuwa ƴan ajina, ranar wata Juma'a na ba su minti ashirin na ƙarshe. Labarin Jack ne ya fi kama su, har suka yi ta musu ko shi ko Gizo wa zai ci wani. Yarinyar layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to bayan sun gama, kabewar fa?" Na gaya mata gaskiya, cewa mafi yawanta a bola take ƙarewa. Ta riƙe baki ta ce, "Har da ƴaƴan?"